Rugbi na mutum 13: daga filin lakwal ake farawa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kun san kokowa, kun san langa. Yau ga wani wasa, sunansa rugbi. Ƙwallonsa dogo ne kamar ƙwai. Da hannu ake ɗaukarsa a ruga da shi. Akwai na mutum 15, shi aka fi sani a Nijar. Akwai na mutum 13, shi za mu duba.

An fara shi a 1895 a arewacin Ingila. Ƴan wasan leburori ne, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa. In sun tafi wasa ranar Asabar, sun rasa kuɗin yini. Shugabanni sun hana a biya su. Sai ƙungiyoyi 22 suka ware. A 1906 suka maida ƴan wasa 13. Wasan ya shiga Faransa a 1934, can aka yi gasar duniya ta farko a 1954. A Najeriya ma ya kama. Ƴan wasanta sun ci gasa a Legas a 2019, sun sake ci a Gana a 2022.

Ana wasa minti 80, da hutu a tsakiya. Ba a jefa wa aboki ƙwallo gaba, sai baya ko gefe. Abokan karawa suna kama mai ƙwallo su kada shi. In an kada ƴan gefe ɗaya sau 6, ƙwallo ya koma hannun ɗaya gefen. Wanda ya dangwala ƙwallo bayan layin ƙarshe ya ci maki 4.

Wasan ƙarfi ne, ba a sakin yara su yi shi su kaɗai. In babu mai koyarwa, sai karaya da faɗa. Ƙananan yara ba a bari su kada juna. Ana soke ƙyalle a ƙugu, wanda aka zare nasa an kama shi ke nan. Haka ƴan mata ma suna iya shiga. In yaro ya tasa, a koya masa faɗuwa, a koya masa kamu da kafaɗa. An hana kamun wuya da kai. Wanda ya bugu a kai a fidda shi, a kai shi likita, kada ya koma wasa ranar.

A Kalle, tsakiyar Yamai, kusa da babbar kasuwa, gidaje da shaguna sun cika wuri. Yara da yawa kan hanya suke wasa, cikin motoci. Saboda haka filin lakwal yake da daraja. In mushe ɗaya ya samu horo, yaran aji duka sun samu.

Ku a ƙauye fili bai yi muku wuya ba. Bayan girbi a share gona mai rairayi, a tsince ƙaya da kututture. Gari ya zaɓi saurayi mai haƙuri wanda ya iya karatu, ya koyi dokoki. Ku nemi shawarar ma'aikatan matasa da wasanni na jiharku. Tsofaffin ƴan kokowa su taimaka, sun san kamu da faɗuwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye, ku ba yara lokaci bayan aiki da karatu, ku zo kallo. Allah shi ba mu lafiya.