Samarin Koroso a Dandalin Ƙauye

Da an idar da sallar la'asar a wani ƙauye na ƙasar Kano, sai samari 'yan shekara 13 zuwa 18 su hallara bayan makarantar firamare, kowa na ɗaura koroso a idon sawu. Mai sarewa na gwada busa, mai ganga na ɗame fata. Dattijon da ke koyar da su, wanda suke kira Baba, ba ya bari a soma sai an tsince ƙaya da tsakuwa an yayyafa ruwa, don ƙurar hunturu ita ke tayar wa masu asma ciwonsu.

Koroso rawa ce ta biyu-biyu: a yi tsalle, a lanƙwashe, wani ya ɗaga ɗan'uwansa sama. Mai kallo ƙwarewa yake gani, amma Baba numfashi yake saurare. Sabon shiga kan yi haki tun kiɗa bai yi nisa ba. Bayan 'yan watanni sai ka ga ƙirji ya buɗe, cinya ta yi ƙwari. Hukumar Lafiya ta Duniya na son yaro mai irin waɗannan shekaru ya motsa jiki na minti 60 kullum, su kuwa sukan zarce haka.

Abin da ya fi burge ni shi ne hanin da Baba ke yi. Ƙaramin yaro ba ya ɗaukar kowa a kafaɗa, komai nacinsa. "Ƙashinka bai ƙosa ba, ɗana, tsaya kan taku." Ya sha ganin targaɗe da gocewar ƙashi sun kai yara wurin maɗori saboda gaggawa. Wanda ya zo da yunwa a ba shi fura, ya zauna tukuna.

Akwai kuma maganar ƙwaya. Gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma tiramadol na yawo har ƙauyuka, wasu na sha don su jure aikin gona. A dandali abin ba ya ɓoyuwa: ƙafa ta saɓa wa kiɗa, ido ya kaɗa, kuma ba mai yarda wanda ya sha ya ɗaga shi. Baba kan ja yaron gefe, in ta kama ya je har zauren mahaifinsa. Asibitin sha-ka-tafi na garin sai ciwo ya kwantar da saurayi yake ganinsa. Baba kuwa yana duban jikinsa kowace yamma, ba ko sisin albashi.