Azara, Ƙashin Ginin Hausa

In kun shiga wani tsohon zaure a unguwar Sheshe cikin birnin Kano, ku ɗaga kai ku dubi rufinsa. Za ku ga waɗansu baƙaƙen itatuwa a jere, sun ɗauki ƙasa mai nauyin gaske. Su ne azara. Kamar yadda ƙashi ke riƙe da jikin mutum, haka azara ke riƙe da soro.

Daga giginya ake samun azara. Akan sare wadda ta ƙosa, a tsaga ta a tsaye. Cikinta yana da taushi, amma wajen bayanta yana da tauri ƙwarai, shi ake so. Magina sun fi son namijin giginya, watau wanda ba ya 'ya'ya. Abin da ya sa azara ta fi sauran itace daraja shi ne, da wuya gara ta ci ta, ba ta kuma saurin ruɓewa.

Amma azara tana da iyakarta. In tsakanin bango da bango ya wuce kamar ƙafa shida, sai ta lanƙwashe saboda nauyin ƙasa. To, yaya aka yi aka rufe manyan soraye? Magina suka yi dabara. Sukan kafa azara cikin bango, su ɗaura wata a kanta da igiya, kowacce tana ɗan zarce 'yar'uwarta, har na wannan gefe su sadu da na wancan a tsakiya. Sa'an nan a yaɓe su da ƙasa. Wannan shi ake kira bakan gizo. In bakuna suka gitta juna, sai ɗaki ya yi faɗi, ba ko ginshiƙi ɗaya a tsakiyarsa.

Ana ganin irin wannan aiki a Gidan Makama, wanda asalinsa tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan tarihi ne. A Zariya kuwa akwai tsohon masallacin Jumma'a wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Manomi ma ba ya rabuwa da itace wajen gini. In zai yi rumbu, yakan fara jera duwatsu, ya gicciya itatuwa masu ƙarfi a kansu, sa'an nan ya ɗora rumbun, ko na ƙasa ko na zana, ya kifa masa jinka. Don haka danshi ba ya taɓa hatsi, gara kuma ba ta samun hanya da sauƙi. A Ingila akwai rumbunan manoma na katako da suka haura shekara 700, har yanzu ana adana su, mutane suna zuwa kallo.

Yau siminti da kwano sun maye gurbin soraye da yawa, masu sanin ɗaurin azara kuma suna raguwa. Giginya kuwa sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Muruci da kuke ci, tsiron giginya ne. In aka tone duka, ba a bar ko ɗaya ya girma ba, ina jikokinku za su sami azara? Hausawa sun ce, inuwar giginya, na nesa ka sha sanyi. Wanda ya shuka ta yau, na bayansa ya yi wa aiki.

Saboda haka, yara, in akwai tsohon soro a gidanku, ku taya manya gyara indararo da yaɓe kafin damina. Ruwan da ya kwanta a kan rufi shi ke ka da soro.

Tambayoyi
1. Daga wace bishiya ake samun azara?
2. Yaya ake ɗaura bakan gizo?
3. Don me ake ɗora rumbu a kan duwatsu?