Yadda A Ke Auna Zaiba Kaɗan A Ɗakin Gwaji

Zaiba, wadda Hausa ta aro sunanta daga Larabci, ƙarfe ce mai gudana kamar ruwa, tana kuma tashi ta bi iska ko ba a sa mata wuta ba. Ɗan kaɗan nata ya isa ya yi ɓarna. A shekarar 1956 aka gano wata cuta a Minamata ta ƙasar Japan, wadda ta lalata jijiyoyin masu cin kifin da zaibar wata masana'anta ta gurɓata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada zaiba ta wuce maikirogiram 6 a litar ruwan sha, watau kashi 6 cikin miliyan dubu. Abu kaɗan haka sikeli ba ya kama shi, sai a nemi wata dabara.

Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda Hatch da Ott suka bayyana a 1968. Da fari a kan narkar da abin gwajin, ko naman kifi, ko gashi, ko ƙasa, cikin asid mai ƙarfi. Sa'an nan a zuba wani gishiri na kuza da kulorin, wanda ke mai da zaibar ainihinta. A hura iska cikin ruwan ta kwashe tururin zuwa bututu, a haska shi da wani haske wanda ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 253.7. Zaiba tana shan wannan haske, iyakar abin da ta sha shi ke nuna yawanta.

In ta yi ƙaranci ainun, sai a bi da tururin ta kan zinariya. Masu haƙar zinariya a Zamfara da zaiba su ke kama zinariya. A ɗakin gwaji kuwa da zinariya a ke kama zaiba. In ta taru, a zafafa zinariyar ta sake ta gaba ɗaya, a auna.

Amma fa wuyar aikin tana ga tsabta. Kwalbar da ba a sa wa asid ba, zaibarta ta kan gudu ko ta maƙale a jikin kwalbar. Ƙazamin gilashi kuwa ya kan ƙara wadda babu. Don haka kullum a kan gwada ruwa zalla, da wani wanda aka riga aka san yawan zaibarsa, kafin a gaskata lissafin da na'ura ta bayar.