Yadda Ƙwayar Ƙanjamau Ke Gagarar Magani

Ƙwayar da ke kawo ciwon ƙanjamau, wadda likitoci ke kira HIV, ba ta hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin jinin mutum ta kwafi kanta. Ga akawu ko malamin makaranta wannan ba shi da wuyar ganewa. A ɗauka takarda ce mai haruffa wajen 9,700, aka ba wani magatakarda mai gaggawa ya yi ta kwafa, ba shi kuwa da mai duba masa aiki. A jikin wanda ba ya shan magani ana iya samun sababbin ƙwayoyi kamar miliyan dubu 10 a rana guda. To, kuskuren rubutu ba ya ƙidayuwa. Yawancinsa lalata ƙwayar yake yi, amma can sai a dace da wanda zai sāke mata siffa har magani ya rasa inda zai riƙe ta.

Masana sun ba kurakuran nan sunaye. K103N shi kaɗai ya isa ya hana nevirapine da efavirenz aiki, M184V kuwa yakan dakushe lamivudine. Tun a 1989, watau shekara biyu da fitowar AZT, aka ga ƙwayoyin da suka gagare shi. Shi ya sa daga 1996 ake haɗa magani uku, gama da wuya ƙwaya ɗaya ta tsere wa dukkansu lokaci guda.

Babban abin da ke ba ta hanya shi ne fashin shan magani. Nevirapine yakan daɗe cikin jini bayan sauran biyun sun fita, sai ya zama shi kaɗai ke gadi. Ƙwayoyin da suka fi ƙarfinsa su yi ta yaɗuwa, wanda aka shafa wa irinsu kuma ya gaji gagarar tun bai taɓa haɗiyar magani ba.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna Jihar Katsina tana cikin masu ƙarancin cutar, kimanin mutum 3 cikin 1,000. Wannan bai rage wa mai ciwon komai ba. Mutumin Ruwan Godiya, ko na ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, wanda 'yan bindiga suka tare wa hanya ko suka kora daga gida, ai ba sakaci ne ya hana shi karɓo maganinsa ba. Wani kuwa kunya ce ke kai shi asibiti mai nisa don kada a gane shi, ran da babu kuɗin mota sai fashi.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da dolutegravir, wanda ƙwayar ke shan wuya kafin ta gagare shi, ko da yake an soma ganin masu gagararsa. Awon jini ne ke bayyana gaskiya: in an ƙarfafa wa mutum sha a kan kari, aka sāke awo, ƙwayoyin suka ci gaba da wuce 1,000 a kowace mililita, sai likita ya canja magani. Wanda jikinsa ya daidaita kuwa yana iya roƙon a ba shi na wata uku ko shida gaba ɗaya, ya huta da yawan bin hanya.