Yadda Ake Raya Tsofaffin Kasakasan Kiɗan Rock

A shekarun 1970, lokacin da mawaƙan rock na Amurka da Ingila ke cika manyan zauruka, wasu daga cikin 'yan kallo kan shiga da rakoda a ɓoye, domin su taskance abin da kunnensu ya ji. Mashahuri a cikinsu shi ne Mike Millard, wanda kan ɓoye na'urarsa a keken guragu, ya kuma ɗauki wasan Led Zeppelin a zauren Forum na Kalifoniya a 1977. Ƙungiyar Grateful Dead kuwa, maimakon hani, sai ta keɓe wa masu ɗauka gurbi a 1984.

Da yake zaren kaset yana lalacewa da tsawon zamani, ma'abota wannan fanni kan juye shi cikin kwamfuta, su daidaita gudunsa, su rage ƙarar 'shuu' da ke binne murya, alhali suna kiyaye tafin jama'a, wanda shi ne shaidar halarta. Sannan sukan rubuta silsilar kowane kwafi tun daga asalinsa, domin kowane juyi daga kaset zuwa kaset yana rage inganci. Haƙiƙa, wannan hidima ta cancanci yabo, muddin an kiyaye haƙƙin masu waƙar.