Fukar masu feshin fenti: cutar da ake kamuwa da ita a gareji, a ɗora wa hunturu laifi

Da zarar an kammala girbi a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa da Bichi, matasa kan tafi ci-rani cikin Kano. Wasu sukan faɗa garejin fentin mota, wasu wajen kafintoci, wasu masana'antun katifa. Sinadari guda ne ke jiransu a duk wuraren: aisosayanet, wanda ke cikin ruwan da ake gauraya wa fenti don ya yi tauri, kuma da shi ake haɗa soson katifa.

Yana cikin manyan abubuwan da ke haddasa fuka, wato asma, a wuraren aiki a duniya. Idan ana feshi, yakan bazu a iska ba tare da ido ya gan shi ba. Bayan watanni ko shekaru ana shaƙa, sai huhu ya daina jure shi, ta yadda ɗan kaɗan ma ya isa ya toshe numfashi. Sau da yawa tarin ba ya tasowa sai cikin dare, don haka ake zargin ƙurar hunturu. Alama mafi ƙarfi ita ce sauƙin da mutum ke samu idan ya koma gida aikin damina, ciwon kuma ya dawo da ya koma gareji. Madarar da wasu masu fenti ke sha bayan aiki ciki take tafiya, ba huhu ba, kuma takunkumin ƙyalle ba ya tare sinadarin.

Akwai hanyar sa ido. A Birtaniya, doka ta ƙayyade miligiram 0.02 a kowace kubik mita ta iska cikin awa takwas, ana auna fitsarin ma'aikaci bayan tashi daga aiki, ana kuma gwada ƙarfin huhunsa lokaci-lokaci.

A Najeriya, Dokar Masana'antu ta ɗora duba wuraren aiki a kan jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi diyya ta hannun hukumar NSITF, daga kashi 1 cikin 100 na albashi da mai aiki ke zubawa. Sai dai yaron da ke koyon fenti a gindin bishiya ba shi da takardar ɗaukar aiki, balle sunansa ya shiga rajista. Idan numfashi ya gagara, ƙauye ake mayar da shi, kuɗin magani kuma daga rumbun geron gidansu zai fito.