Shafinka Shi Ne Allon Shagonka

A da, telan da ke Kasuwar Kurmi ba ya bukatar talla, domin ɗinkinsa a jikin jama'a shi ke yi masa shela. Amma tun bayan ɓullowar Facebook a 2004 da Instagram a 2010, mai neman tela ko lauya ko mai gyaran lantarki yakan leƙa shafi kafin ya taka ƙofar shago.

Mai irin wannan sana'a ba shi da hajar da za a taɓa a taya. Amana yake sayarwa, kuma kalmominsa ne shaidarsa ta farko. Haruffa 150 kacal Instagram ta ba shi ya gabatar da kansa, amma abin takaici, da yawa kan ƙarar da su wajen kirari, su manta da faɗin aikin da suke yi, da unguwarsu, da lokacin da ake samunsu.

Sai kuma ƙa'idar rubutu. Mai masaukin da ya rubuta "muna maraba da baki" alhali baƙi yake nufi, ya nuna sakaci tun daga bakin ƙofa. Wanda bai kula da lanƙwasar harafi ba, wa zai damƙa masa shaddarsa ko shari'arsa? Gyara allonka tukuna, sannan ka jira ciniki.